Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu a Ranar Al'adu ta Makarantarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagaci, Liman, iyayen yara, 'yan uwana malamai, da babban baƙonmu Likita tare da uwargida da yara, assalamu alaikum.

Likita, ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Daga Landan zuwa Abuja kamar awa shida ne a jirgi, amma daga Argungu zuwa ƙauyen nan da damina sai wanda ya gani. An ce mini sau biyu motarku tana kafewa a fadama, sai da samari suka tuɓe riguna suka tura. Allah ya ba da ladan zumunci.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, kai dai ba raɓa ba ne a nan. A ajin can na gabas ka koyi ABCD, kuma cikin dattijan da ke zaune akwai waɗanda suka kore ka daga gonar rake ba sau ɗaya ba. Ba zan nuna su ba.

Bari in faɗa maka abin da ya haifi wannan biki. Bara na shiga aji shida na tambaya, wane ne Kanta? Aka yi tsit. Can wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce ɗan ƙwallon Faransa ne. Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa ranar ban ji daɗin tuwo ba. Jikokin Kabawa, a ƙasar da Muhammadu Kanta ya kafa daula ya gina birnin Surame, ba su san sunansa ba! Bikin kamun kifin da ake yi a kogin Matan Fada na Argungu tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, wasunsu a waya kawai suke ganinsa.

Sai muka yi karo-karo da iyaye, muka ɗauki hayar mota muka kai su gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar Sarki Yakubu Nabame. Da muka dawo, wani tsohon masunci ya riƙa zuwa kowace Alhamis da homarsa da gorarsa, yana nuna musu yadda ake kwanciya a kan gora, da yadda ake buɗe homa a rufe ta kan kifi. Bai karɓi ko sisi ba. Kamun kifin da za ka gani yau a kan yashi za a yi shi, don kogi ya cika, amma hannun na gaske ne. Akwai kokawa da langa, akwai gaɗar 'yan mata, 'ya'yan Fulani sun zo da fura da nono, malaminmu ɗan Zuru kuma ya koya wa aji huɗu rawar Uhola.

Na ji ɗazu ƙaramar 'yarka ta durƙusa gaban Hakimi ta ce "ina kwana" da rana tsaka. Mun karɓa, lafiya lau muka kwana. Roƙonmu na farko ke nan: ka riƙa kawo su duk hutu, su kwana biyu wajen kakanni, harshen zai faɗa.

Na biyu, ka ɗaga kai ka dubi azuzuwan nan biyu. Iskar farkon damina ta kwashe kwanonsu, 'yan aji uku a gindin darbejiya suke karatu, da hadari ya taso sai a tashi. Mun rubuta takarda inda ya kamata, muna jira. Ban ce komai ba, na dai nuna maka.

Ga makaɗa can sun ɗaure kalangu tun hantsi, 'yan kokawa kuma sai hararata suke yi. Likita, bismillah, ga kujerarka a inuwa.