Kuɗin lauya a cikin tukunya yake ko a waje? Lacca ga 'yan kasuwarmu na Amurka

Assalamu alaikum jama'a, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri da kuka baro shagunanku kuka zo. Na baya kuna ji na? To madalla.

Yau magana ɗaya ce ta kawo ni, wato inshorar da ke tsaya maka idan wani ya kai ka kotu ya ce aikinka ko sana'arka ta cutar da shi. Yawancinmu abin da muke dubawa a takardar shi ne lambar nan babba ta shafin farko, a ce dala miliyan 1, wato iyakar abin da kamfanin inshora zai biya, sai hankali ya kwanta a sa hannu. Amma akwai tambayar da ba ma yi, kuɗin lauyan da zai kare ka, daga cikin miliyan ɗin nan za a cire ko kamfani ne zai biya daban?

Bari in buga misali. An kai ka ƙara, shari'a ta ja shekara 2, kuma kun san lauyoyin ƙasar nan da awa suke caji, kowace waya kowace wasiƙa kuɗi ce, ga masana da ake ɗaukowa su ba da shaida su ma sai an biya su. A ce duk wannan ya ci dala dubu 600. In kuɗin lauya a waje yake, miliyan ɗinka na nan ba a taɓa ba. In kuwa a ciki yake to saura dubu 400 ke nan, ranar da alƙali ya yanke diyyar dubu 900, ragowar dubu 500 daga aljihunka za ta fito, gidanka ne, motarka ce, shagonka ne. Shi ya sa masu harkar suke ce mata iyaka mai ƙonewa, kana kare kanka tana cin kanta kamar kyandir. Kuma fa a Amurka bisa al'ada kowa shi ke biyan lauyansa ko da shi ya yi nasara, ba kasafai ake dawo maka da abin da ka kashe ba.

Wani ɗan'uwanmu ya taɓa kawo min tasa takardar cikin leda, hannunsa na rawa, wallahi har da yatsa na nuna masa layin a can tsakiyar shafukan, shekaru yana biya bai taɓa karanta wurin ba. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Inshorar shago ta gama-gari galibi kuɗin lauya a waje yake. Inda ake samun na ciki shi ne ta masu sana'ar ƙwarewa irin akawu da injiniya, da ta shugabannin kamfani, da ta kutsen intanet.

To me doka ta ce? Nan ne sai ka san jihar da kake, domin tun dokar McCarran-Ferguson ta 1945 majalisar tarayya ta bar wa jihohi ragamar inshora, kowace da nata tsarin. Nan New York akwai ƙa'ida mai lamba 107, asalinta haramci ne, ba a cire kuɗin lauya daga cikin iyaka sai a wasu nau'o'i da aka lissafa, ko a nan ɗin ma bai kamata ya cinye sama da kashi 50 cikin 100 ba, sai fa in an ba ka baki wajen zaɓen lauya da tafiyar da shari'ar da amincewa da sulhu. Kuma dole su sanar da kai ƙarara a takardar. Ni dai wannan tsarin ya yi min, don wanda ake ƙona kuɗinsa ya cancanci a ji ta bakinsa.

Nevada kuwa a 2023 majalisarsu ta yi doka AB 398 ta hana abin gaba ɗaya daga 1 ga Oktoba. Sai aka shiga fargabar farashi zai tashi wasu kamfanoni ma su bar jihar, har sai da hukumar inshorarsu ta fitar da ƙa'idar gaggawa, aka fayyace cewa ana iya ware wa kuɗin lauya tasa iyakar daban. Kun ga ke nan na waje ya fi tsada, gaskiya ce wannan, ba zan ɓoye muku ba, kamfani ba ya ɗaukar kayan da bai san nauyinsa ba kyauta.

Hajiya na ga hannunki a sama, bari a miƙa miki makirfo. Wanda kuma ya zo da takardarsa ya same ni bayan la'asar mu buɗe shafin tare.