Lacca: Yadda ƙaramar wuta ke juya babba

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa biyar na zo da su, waɗanda duk mai son karatun injiniyan lantarki da su zai fara, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda.

Na farko, wuta ba ta tafiya sai hanyarta ta zagayo. Ta fito daga batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, ta koma batir. Ka yanke wayar a ko'ina, komai ya tsaya cak. Makunnin da ke jikin bango aikinsa ke nan, ya yanke hanya ko ya haɗa ta. Abin da ke tafiya a cikin wayar kuwa wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ake kira ilektiron.

Na biyu, ma'auni uku. Ku ɗauka ga tankin ruwa a sama, ga bututu ya sauko. Ƙarfin da ke turo ruwan shi ne bolt, sunan Alessandro Volta ne, ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800 da fayafayan jan ƙarfe da na tutiya, tsakaninsu kwali jiƙe da ruwan gishiri. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya. Ƙuncin bututun shi ne turjiya, ana auna ta da om. Georg Ohm, Bajamushe, ya nuna a 1827 cewa in ka raba bolt da om, amfiya ce za ta fito. Ku rubuta wannan, don Allah. Misali, kana da batir mai bolt 9, ga ɗan jan ƙwan LED da ke son kamar bolt 2 da amfiya 0.02. Saura bolt 7. Raba 7 da 0.02, ka sami om 350. Rizistar da za ka sa ke nan don ta rage wutar. In ka ƙi sa ta, ƙwan zai yi walƙiya sau ɗaya, ƙauri ya tashi, shi ke nan. Ɗalibai da yawa da hanci suka fara koyon dokar Ohm. Ga wasu can suna dariya, sun san ƙaurin!

Kafasita kuma faranti biyu ne da ba sa taɓa juna, tana tara wuta ta sake ta. Akwai naɗin waya, wanda Michael Faraday ya gano a 1831 cewa in maganaɗisu ya motsa kusa da shi wuta na samuwa, daga nan janareta da tiransifoma suka fito. Na uku ke nan, ko na huɗu? Ku bar shi, ga abin da nake ɗokin nuna muku.

Ku dubi hannuna. Wannan ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, bai kai farcen ƙaramin yatsana ba, shi ne tiranzista. Wallahi duk sa'ad da na riƙe shi sai na ji mamaki ya sake kama ni. Da silikon aka yi shi, silikon kuwa daga yashi ake tace shi. Yashi fa, jama'a! In yana tsantsarsa, wuta ba ta ratsa shi sosai, don kowace ƙwayar zarrarsa na da ilektiron 4 a bakin waje, kuma duk sun riƙe hannun maƙwabtansu, babu mai sararin yawo. Sai a ɗiga masa fosfaras kaɗan, mai ilektiron 5, ɗaya ya rasa wurin zama ya shiga yawo. Wani ɓangaren a sa masa boron, mai 3, sai a sami gurbi babu kowa. Ka manna su biyu, wuta ta bi ta gefe ɗaya, ta ƙi komowa ta ɗayan. Dayod ke nan, kuma kamar bolt 0.7 yake nema kafin ya buɗe.

To ka jera irin waɗannan ɓangarorin hawa uku, ka sami tiranzista. Wannan ƙafar ta tsakiya, ku kalle ta da kyau, ita ce kan famfo. Ka ba ta 'yar wuta kaɗan, sai ta buɗe wa wadda ta ninka ta kamar sau 100 hanya tsakanin sauran ƙafafu biyun. Ka janye, hanya ta rufe. Babu hannu, babu abin da ke motsi, wuta ce ke juya wuta. Zan sake faɗa: wuta ce ke juya wuta. Muryata da kuke ji a lasifika, 'yar wutar da makirufo ya bayar ce aka ƙara mata ƙarfi ta wannan hanya. Kunnawa da kashewar nan kuma su ne 1 da 0 da kwamfuta ke lissafi da su.

Kafin zuwan tiranzista, da ƙwayayen gilashi masu zafi ake wannan aiki. Kwamfutar ENIAC da aka nuna a Amurka a 1946 tana da su fiye da 17,000, nauyinta kusan tan 30, ga ƙonewa a kai a kai. A Disambar 1947 John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa tiranzista na farko a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka, da jamaniyam ma suka yi shi, wani sinadari mai halin silikon, kuma su da William Shockley suka karɓi kyautar Nobel a 1956. Zuwa 1971 kamfanin Intel ya cusa tiranzista 2,300 a ɗan guntun silikon guda. Wayar da ke aljihunka, ɗan'uwa, biliyoyi ne a cikinta.

Na'am, 'yar'uwa, akwai tambaya? Ɗaga murya kaɗan. Ta ce me ya sa tsuntsu ke sauka kan wayar wuta bai mutu ba. Kin kyauta, kin maido mu abu na farko. Ƙafafunsa biyu waya ɗaya suke kai, kusan bolt ɗinsu ɗaya, babu bambancin da zai tura wuta ta jikinsa. Amma babban tsuntsu in ya buɗe fukafukai ya taɓa wayoyi biyu, ya rufe hanya, nan take wuta za ta bi ta cikinsa. Mutum da ke tsaye a ƙasa ya riga ya zama rabin hanyar, waya ɗaya ta ishe shi. Kuma ba amfiya mai yawa ake buƙata ba, shi ya sa ake saita na'urar kariya ta yanke wuta a miliamfiya 30, wato amfiya 0.03. Jiƙaƙƙen hannu ya fi haɗari, don ruwa na rage turjiyar fata. Af, kafasitar da na ambata ɗazu, manyanta na riƙe wuta ko bayan an zare soket, don haka ku auna ta da mita kafin ku kai hannu. Shugaban taro yana nuna mini agogo. Ga tiranzistan nan, a zagaya da shi kowa ya riƙe, a fara daga layin gaba.