Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zai Tarbi Baƙo a Taron Masu Kutse?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Yamai. Filin amsoshin tambayoyinku ne, kuma wasiƙun wannan mako sun taru a kan tarukan masana kwamfuta, waɗanda ake ce wa tarukan masu kutse, da abin da sabon shiga ke gamuwa da shi idan ya je. Minti 20 aka ba mu, mai kula da na'ura kuwa tun yanzu yake nuna mini agogo. Tare da ni akwai wani injiniya mai aikin tsaron na'urori, yana kuma koyar da matasa da yamma. Injiniya, sannu da zuwa, ya zafi?

Injiniya: Zafi lokacinsa ne, Hajiya. Ina gaida masu saurare.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wani dattijo ce a unguwar Bukoki. Ya ce tun yaushe ɓarayi suka fara kama ɗakin taro a otal, ƴan sanda na kallo? Baba, Allah ya ja kwana, ka ba mu dariya. Injiniya, a taƙaice.

Injiniya: Baba bai yi laifi ba, sunan ne ya ɓaci. Kalmar Ingilishin da muke fassarawa da mai kutse ta yaɗu ne daga ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka wajen shekarun 1960, kuma tana nufin wanda ba ya barin na'ura ta huta sai ya ga cikinta, kamar yaron da ke kwance rediyon babansa. Yau akwai masu farar hula, waɗanda banki ko ma'aikata ke biya su nemo ɓaraka kafin ɓarawo ya gano ta, akwai masu baƙar hula, su ne ɓarayin. Taron don na farkon ake yin sa, kodayake ba a duba zuciyar mutum a bakin ƙofa. Jami'an tsaro ma suna zuwa su saurara.

Mai gabatarwa: Ta biyu ni zan amsa da kaina. Wata baiwar Allah daga Talaje tana tambaya ko a irin wannan taro za a koya mata shiga WhatsApp ɗin maigidanta. Haba ƴar'uwa! Ba za a koya miki ba. Dokar ƙasarmu mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi ɗauri da tara ga mai shiga na'urar wani ba da izini ba. Ki zauna da shi ku yi magana, in ta ƙi ki kira manya.

To, ga wadda za mu daɗe a kanta, don wasiƙu da dama sun zo da irin kukanta, daga Yamai, daga Tawa, har daga Ƙonni. Wata ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni. Ta ce: "Na tara kuɗin taksi na je wani taron tsaron intanet a cikin gari. Na shiga ba wanda ya ce mini sannu. Kowa na tsaye da waɗanda ya sani. Mai lacca na ta jero kalmomin da ban taɓa ji ba. Da na daure na tambayi ma'anar guda ɗaya, sai wani a bayana ya ce, au, wannan ma ba ki sani ba? Aka yi dariya. Ana fita hutun shan ruwa na kama hanyar gida. Shin irin wannan taro ba namu ba ne?" Injiniya, ga ka ga ƴan'uwanka.

Injiniya: Ƙanwata, ki yi haƙuri, a madadin mu duka. Kin san shi wannan abu yana da tarihi. Babban taron da kowa ke ambato, DEF CON, wani mai suna Jeff Moss ne ya fara shi a Las Vegas a 1993, mutum kusan 100 ne suka zo, yawancinsu sun san juna ta na'ura tun kafin su haɗu. Kamar walimar abokai ce. A 2019 masu zuwa sun kai wajen 30,000. Shi dai Jeff Moss ɗin ne ya kafa taron Black Hat a 1997, wannan kuma na kamfanoni ne, ƴan kwat, kuɗin shigarsa ma...

Mai gabatarwa: Injiniya, yarinya na tsaye a bakin ƙofa, kai ka tafi Amurka.

Injiniya: Ina zuwa, Hajiya, ina zuwa. Abin da nake so in ce, taron ya girma amma halin walimar abokai bai fita ba, kuma mu da muka kwaikwayo shi mun kwaso har da halin. Wanda ya ce mata "wannan ma ba ki sani ba", ba lallai mugu ba ne. Shi ma haka aka yi masa, ya ɗauka haka ake yi. Ni kaina na taɓa yi wa wani yaro, har yau ina jin kunya, don ban sake ganinsa ba.

Amma su can sun gane, sun fara gyara. A Jamus akwai ƙungiyar Chaos Computer Club da aka kafa a 1981, tana taronta na shekara tun 1984, a ƙarshen Disamba. A 2019 a birnin Leipzig mutum wajen 17,000 suka halarta. Suna da wasu ƴan sa-kai, aikinsu kawai su karɓi wanda bai taɓa zuwa ba. Tun kana gida za ka rubuta musu, su haɗa ka da wanda ya san wurin, ya tarbe ka, ya zaga da kai, ya gabatar da kai ga mutane. Ba kuɗi ake kashewa a nan ba. Mu da muke cewa baƙonka annabinka, a ce sai Bajamushe ya koya mana tarbar baƙo?

Mai gabatarwa: Wato dai mai masauki.

Injiniya: Mai masauki, shi ke nan. Taron mutum 80 a Yamai, ka ware mutum 5 masu fara'a, ka ɗaura musu wani ƙyalle a hannu, ka sanar cewa duk wanda yau ne zuwansa na farko ya nemi mai ƙyalle. Kuma kafin a buɗe taro a ba sababbi rabin awa su kaɗai: ga abin da za a yi, ga ma'anar kalmomi goma da za ku yi ta ji. DEF CON ma sun daɗe suna yin irin wannan zama na sababbin zuwa.

Sannan tsayuwa. Wani Ba'amurke mai shirya taruka, Eric Holscher, ya kawo shawarar cewa idan kuna tsaye kuna hira a da'ira, ku bar gurbin mutum ɗaya a buɗe. Wani ya shigo, ku sake buɗa wani gurbin. Ai ƴan fada sun san wannan. Ka zo wucewa ana dafa shayi, sai a matsa maka a kan benci, a miƙo maka kofi kafin a tambayi sunanka. Su waɗannan samarin ne dai, da sun rataya katin taro a wuya sai su manta.

Mai gabatarwa: To ita dariyar fa? Don ni ita ta fi ci mini rai.

Injiniya: Wannan sai an faɗa da baki, daga kan mumbari, tun da safe, kuma babba ne zai faɗa. A ce a wannan ɗaki ba a nuna mamaki don wani bai san abu ba. Wanda aka tambaya ya amsa ko ya yi shiru. Kuma mai lacca, duk kalmar da ya taƙaita da haruffa, ya warware ta sau ɗaya. Ni nakan raba ƴan takardu, mai jin nauyi ya rubuta tambayarsa ba suna. Wallahi tambayoyin takarda sun fi na masu ɗaga hannu ma'ana, don masu ɗaga hannu rabinsu lacca ta biyu suke so su yi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don waɗanda suka kama mu a tsakiya, musamman masu shirya taro. A sa mai tarbar baƙo a ƙofa. A yi wa sababbi zamansu kafin a fara. In ana hira a bar gurbi. Kuma babba ya hana dariya tun da safe. Ke kuma ɗiyata, ni ra'ayina ki koma. Ki tafi da ƙawa, ku zauna a layin gaba, ki sake tambaya. Wanda ya yi miki dariyar nan, da za a titsiye shi ya bayyana kalmar da Hausa, ina jin da gumi zai yi.

Wannan ta kai mu ga wasiƙar wani mai gyaran salula a kasuwar Katako. Ya ce shi bai wuce firamare ba, Faransancinsa na ciniki ne, amma ba wayar da ta taɓa gagararsa. Yana da wuri a taron?

Injiniya: Maigida, kai ne ma ya kamata ka koyar. A DEF CON akwai abin da suke kira ƙauyuka, wato kusurwoyi da tebura inda ba lacca ake yi ba, hannu ake sawa. Akwai na haɗa waya da dalma, akwai na motoci, akwai na buɗe kwaɗo ba da makulli ba.

Mai gabatarwa: A'a! Baban Bukoki na saurare fa.

Injiniya: Da ƙa'idarsu, Hajiya: kwaɗonka kawai za ka taɓa, ko wanda mai shi ya ba ka izini. Amfaninsa, mutum ya zauna minti 10, kwaɗo ya buɗe a hannunsa, daga nan ya daina jin cewa shi baƙo ne. Lacca ba ta yin wannan. Haka muke koyon kowace sana'a a ƙasar nan, yaron tela ba a zaunar da shi a yi masa bayanin keke, ƙyalle ake ba shi. Da ni ke shirya taro, rabin yini tebura ne, kuma teburin farko na masu gyaran waya ne, su nuna wa ƴan jami'a cikin abin da suke riƙe da shi kullum.

Maganar harshe kuwa, taron Jamus ɗin nan yana da ƴan sa-kai masu fassara laccoci nan take. Mu a nan mai lacca na iya yin Faransancinsa, amma kowane tebur a samu mai Hausa da mai Zabarmanci. Na taɓa bayyana wa wasu ƴan kasuwa yadda ake satar lambar sirri da saƙon yaudara, da na ce musu tarko ne da aka yafa wa tsaba, ba wanda ya sake tambaya.

Mai gabatarwa: Agogo, Injiniya. Wani daga Madawa: nawa ne kuɗin zuwa DEF CON?

Injiniya: Katin shiga kaɗai ya haura dala 400, kuma ba dalarmu ta sefa biyar ba, ta Amurka. Ga jirgi, ga biza. Ya bar kuɗinsa, laccocin DEF CON da na Jamus ana ɗora su kyauta a intanet.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa: ina zai fara gwaji ba tare da ya taka doka ba?

Injiniya: Shafin intanet na Root-Me, da Faransanci yake. Ko picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, tun 2013 aka yi shi don ƴan makarantar sakandare, kyauta. Gasar kama tuta ake ce wa irin wannan: an ɓoye wata kalma a cikin na'urar da aka gina don a fasa ta, kai kuma ka nemo. Masu shirya gasa a nan su riƙa sa tambayoyi masu sauƙi a farko, kuma kowace ƙungiya a cusa mata sabo ɗaya. In ba haka ba gwanaye uku ne za su yi ta cinyewa kowace shekara, sauran su gaji.

Mai gabatarwa: Sai wani uba daga Tawa. Ya ce: "Ɗiyata ta matsa sai ta tai wannan taro a Yamai, ni kuwa ban san mi a ka yi ba a ciki." Malam, ka kyauta da ka tambaya maimakon ka hana.

Injiniya: Malam, ka tambayi abu biyu: ƙarfe nawa ake tashi, kuma wa ake kai wa ƙara in wani ya yi mata rashin kunya. Taron kirki yana da rubutacciyar ƙa'ida da mutanen da aka sanar da sunansu, har da mace a cikinsu. In ba su da amsa, laifinsu ne. Kuma a riƙa tashi kafin magariba, a tsaya lokacin salla. A DEF CON al'adarsu wanda zai yi lacca karo na farko a ba shi ƙaramin kofin giya a kan mumbari, mu ba sai mun kwaso komai ba, shayi ya ishe mu. Abin da ya fi dacewa mu ɗauka na BSides ne, taron da ya fara a 2009 daga laccocin da Black Hat ba ta karɓa ba. Suna haɗa wanda bai taɓa magana gaban jama'a ba da gogagge, ya yi ta gyara masa makonni kafin ranar. Ɗiyarka in ta je bana tana saurare, baɗi...

Mai gabatarwa: Baɗin sai wani mako, Injiniya, an ɗaga mini hannu. Mai tambaya daga Harobanda a kan ko tsohuwar kwamfuta za ta ɗauki Linux, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta, za ta ɗauka, sauran bayanin na nan tafe. Wanda ya aiko da hoton wayarsa da ta faɗa ruwa, ka kai ta Katako. Labarai na biye, ku kasance tare da mu.