Wane Ƙarfe Aka Sa Maka a Ƙugu?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a Agege, na tarar da wani dattijo, tsohon dillalin shanu, yana dogara sanda yana jan ƙafa. An yi masa dashen ƙugu a Indiya a 2009. Yanzu in ya sunkuya ruku'u sai gaɓar ta yi ƙara kamar tsohon ƙyaure, ga kumburi a saman cinya. Na ce, "Baba, wane iri aka sa maka?" Ya ce, "Ƙarfe ne dai, ɗana." Ya zaro wata leda daga aljihun babbar riga. Akwai rasit, akwai tikitin jirgi, akwai hoton ƙashi da ya fara dusashewa. Sunan abin da ke jikinsa kuwa, babu.

Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Mutumin da ba zai sayi injin mota a kasuwar Ladipo ba sai ya duba lambarsa, yau shekara goma sha ya kwana ya tashi da ƙarfe a ƙugu bai san sunansa ba!

Ga dalilin damuwata. Akwai ƙugun da ƙwallon da kwanon da take juyawa a ciki duk ƙarfe ne. Duk takun da mutum ya yi, suna gogar juna, garin ƙarafan kobalt da kuromiyam na zuba. Garin nan yana kashe naman da ke kewaye, ya mai da shi baƙi, wani lokaci ya tara ƙulli kamar ƙari. Idan ya yi yawa a jini, an samu waɗanda ya taɓa musu zuciya, ko ji, ko gani.

A watan Agustan 2010 kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya janye irin wannan ƙugun nasa mai suna ASR, bayan an dasa kusan 93,000 a duniya. Ta yaya asiri ya tonu? Ingila tana da kundin da ake rubuta kowane dashe. Kundin ya nuna mutum 12 zuwa 13 cikin 100 sai da aka sake yi musu tiyata cikin shekara biyar. A 2013 kamfanin ya amince ya biya kusan dala biliyan 2.5 a Amurka. A Indiya kimanin mutum 4,700 aka sa wa, kuma hukumomi can sun sha wuya kafin su gano wasu daga cikinsu. To 'yan ƙasa ke nan. Ina ga baƙon da ya sauka, aka yi masa aiki, ya hawo jirgi ya dawo Legas?

Na san za a ce tsohon zance ne, ai an daina amfani da irin wannan. An janye shi daga kasuwa, amma wa ya janye shi daga jikin mutane? Wasu kuma za su ce ina tsorata marasa lafiya. Haba! Yawancin dashen yanzu da tangaran ko roba mai ƙarfi ake haɗawa, kuma yana shekaru yana aiki lafiya lau. Matasanmu masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya mutu, da shi suke samun tafiya. Ban san ko ASR ne a jikin dattijon nan ba. Shi ma bai sani ba, kuma rashin sanin nan nake kuka da shi.

A Ingila ana kiran masu ƙarfe-kan-ƙarfe ana auna jininsu, in ƙarfen da ke jinin ya haura kashi 7 cikin biliyan a zurfafa bincike. Wanda ba a rubuta sunansa ba, wa zai kira shi?

Don haka duk wanda za a yi wa dashe, a asibitin ƙashi na Igbobi ne, a na Dala ne, ko a ƙetare, kada ya bar asibiti sai an ba shi takarda: sunan kamfani, samfuri, lamba, da abin da aka ƙera shi da shi. 'Yan rakiya, ku ne idonku biyu lokacin da mara lafiya ke cikin magagin allura, ku karɓo ta. Hukumar NAFDAC da ke rajistar kayan asibiti da Ma'aikatar Lafiya, ku sa bayar da takardar nan ya zama dole.

Dattijon nan dai na sa ɗansa ya rubuta wa asibitin can a turo bayanin aikin. Ranar Litinin kuma za su je a ɗauki sabon hoto, a ga likitan ƙashi.