Amsoshin Tambayoyinku: Masu Faɗawa Teku Cikin Muku-mukun Sanyi

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kaduna. Yau rigar sanyi biyu na ɗora saboda hunturun nan, amma wasiƙun da ke gabana duk a kan mutanen da ke tuɓewa su faɗa teku ne da sanyi. Tare da ni akwai wani tsohon sojan ruwa da ya yi ritaya ya dawo gida yana koya wa yara iyo. Yallaɓai, barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Kawo yana tambaya, shin ruwan teku yana daskarewa? Wannan ni ma zan iya. Yana daskarewa, sai dai gishirin cikinsa kan sa sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. A irin wannan ruwan ne wani gwanin iyo mai suna Lewis Pugh ya yi iyon kilomita ɗaya a ƙuryar arewacin duniya a 2007, cikin ƙasa da minti 19. Allah ya ba shi lafiya, ni dai ban da ni. Sai wani tela daga Tudun Wada, ya ce wa ya fara ƙetare ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo?

Baƙo: Kyaftin Matthew Webb ne, a watan Agustan 1875. Faɗin wurin kamar kilomita 33 ne, ya yi awa 21 da minti 45 a cikin ruwa. Amma ka san, Malam, abin da ya fi burge ni mace ce, Gertrude Ederle 'yar Amurka. A 1926 ta ƙetare cikin awa 14 da minti talatin da 'yan kai, ta doke duk mazan da suka riga ta. Kuma kada a ce sai Turawa. Misirawa sun yi suna a wannan ruwan, akwai Abdullaɗif Abu Haif da ake wa laƙabi da Kadan Kogin Nilu, ka ga mu 'yan Kaduna ai ɗan'uwanmu ne. Lokacin da muke...

Mai gabatarwa: Yallaɓai, tela suna ɗaya ya nema, ka ba shi uku. Mu je ga babbar tambayar yau, domin wasiƙu huɗu ne suka zo a kanta. Zan karanta ta wata Hajiya daga Unguwar Rimi. Ta ce ɗanta yana karatu a Ingila, ya turo mata bidiyo ta WhatsApp yana shiga teku da abokansa da sassafe a watan Janairu, daga shi sai gajeren wando. Ta ce tun ranar ba ta barcin kirki. Da ta yi masa faɗa sai ya ce ai ya iya ruwa tun yana yaro. Tana tambaya, mene ne haɗarin abin, kuma ta hana shi ne?

Baƙo: Hajiya, Allah ya kwantar da hankali. Bari in ba ki labarin kaina. Ranar da na fara shiga ruwan sanyi, wajen wani kwas a ƙasar waje, ina taƙama na sha Kogin Kaduna na sha tekun Legas. Ina faɗawa sai na ji kamar an ɗaure min ƙirji da igiya. Bakina ya buɗe da kansa, na ja numfashi "haaa", ba da niyyata ba. Malaminmu yana tsaye a kwale-kwale yana dariya. Mutumin nan da ƙaton gashin baki, kullum da butar shayi a hannu...

Mai gabatarwa: A bar gashin bakin, Yallaɓai. Haɗarin.

Baƙo: To haɗarin ke nan na faɗa. Mutane suna zaton sanyi sai ya sandarar da mutum kafin ya kashe shi. A'a. Minti ɗaya zuwa uku na farko su ne mugaye. Tekun Legas ɗumi gare shi, yana kaiwa digiri 27 ko fiye. Na Ingila a Janairu bai kai digiri 10 ba, wato bai fi ruwan firij da yawa ba. Da fata ta ji wannan sanyin, sai mutum ya ja numfashi da ƙarfi, ya shiga haki, zuciya ta hau bugu, jini ya hau. In a wannan lokacin kansa yana ƙarƙashin ruwa, ko igiyar ruwa ta mare shi a fuska, ruwa zai shaƙa. Gwanin iyo da ɗan koyo duk ɗaya suke a nan.

Mai gabatarwa: Hajiya, ki ji da kyau. Iya ruwa ba ya hana wannan. Minti uku na farko, numfashi ne ke ƙwace wa mutum.

Baƙo: Shi ya sa ba a yin tsalle a faɗa. A taka a hankali, ruwa ya zo gwiwa, ya zo ƙugu, a jiƙa wuya da fuska, a tsaya har numfashi ya daidaita. Wanda kuma ya faɗa ba shiri, kada ya yi ta fafutuka. Ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, kunnuwa a cikin ruwa, ya jira hakin ya wuce. Bayan wannan sai mataki na biyu. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, sai jiki ya janye jini daga hannu da ƙafa ya kai ciki. Cikin kamar minti goma yatsu sun ƙage, ko igiya aka jefa maka ba ka iya riƙewa.

Mai gabatarwa: To in ya fito lafiya shi ke nan?

Baƙo: Ina! Nan ma ake yin kuskure. Bayan fitowa zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka na ɗan lokaci. Za ka ga yaro ya fito yana dariya, bayan minti goma haƙora na kaɗawa, ya kasa ɗaura maɓalli. Ya cire jiƙaƙƙun kaya nan take, ya goge jiki, ya sa hula da kaya masu kauri, ya sha shayi mai ɗumi da sukari. Ban da rugawa wanka da ruwan zafi, yana iya sa jiri ya yanke jiki ya faɗi. Ban da tuƙa mota sai karkarwa ta tsaya. In an ga maganarsa tana harɗewa ko ya rikice, asibiti.

Mai gabatarwa: In maimaita wa sauran iyayen da suka rubuto: a shiga a hankali, kada a daɗe, a ɗumama jiki a hankali. Amma ba ka amsa mata ba, ta hana shi?

Baƙo: Ni dai ba zan ce ta hana ba, domin yaron yau in ka hana shi sai ya daina turo bidiyon kawai. Ta kafa masa sharaɗi. Kada ya shiga shi kaɗai, ya je inda akwai masu ceto, ya sayi rigar robar nan mai ɗame jiki, da hula mai launi da za a hango daga nesa. In yana da hawan jini, ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya, sai likita ya yarda. Mai sikila kuwa kada ma ya soma, sanyi yana tayar da ciwon.

Mai gabatarwa: Ni kuma nawa ra'ayin, kai ɗan Hajiya, in kana jinmu ta intanet, karatu aka tura ka. Ka kira mahaifiyarka yau ka lallashe ta. Saura minti ɗaya. Wata mai sayar da man kaɗanya a Kasuwar Barci tana tambaya, in an shafe jiki da mai, yana tare sanyin ruwa?

Baƙo: Webb ma ya shafa kitsen dabbar ruwa, amma amfanin mai shi ne hana saɓar fata a hammata da wuya. Ɗumin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba.

Mai gabatarwa: Hajiya mai man kaɗanya, kin ji, ban da tallata shi a matsayin rigar sanyi. Mai tambaya daga Rigasa kan igiyar ruwan da ke jan mutum ciki a bakin tekun Legas, ka yi haƙuri, ga injiniya can yana nuna min agogo. Da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Yallaɓai, mun gode.

Baƙo: Ni ne da godiya. A gaida Hajiya.