Yadda Jujin Shekara 500 Ya Zama Lambun Al-Azhar

Masu kallonmu, ku dubi wannan tudu kore shar a tsakiyar birnin Alƙahira. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Jami'ar Al-Azhar sun san shi sarai, domin daga masallacin Al-Azhar zuwa nan ba wata tafiya ba ce. Sunansa Lambun Al-Azhar, faɗinsa hekta 30. Amma kafin shekarar 2005 babu mai zuwa nan shan iska. Juji ne. Wajen shekara 500 mutanen birnin suna jibge shara da toka da ɓaraguzan gini a bayan ganuwa, a yankin da ake kira Darassa, har abin ya zama tudu.

To ya aka yi?

A 1984 aka yi wani taro a Alƙahira kan yadda birnin ke ta faɗaɗa ba tare da wurin da mutane za su sarara ba. A nan ne Aga Khan na huɗu, jagoran Isma'iliyya (wani reshe na Shi'a) a lokacin, ya yi alkawarin gina wa birnin lambu. Kakanninsa Fatimiyyawa ne suka kafa Alƙahira a 969, don haka yana ganin yana da haƙƙin birnin a wuyansa. Cibiyarsa ta raya al'adu ta kashe kimanin dala miliyan 30, kuma sai da aka shafe sama da shekara 20 tsakanin alkawari da buɗe ƙofa.

Me ya ja aka daɗe haka? Ƙasa. Nan ne asalin aikin yake, kuma nan ne masu zumuɗin dashen itatuwa kan yi tuntuɓe.

Ƙasar juji ba ta riƙe itace yadda ake zato. Ta Darassa cike take da gishiri, ga shi ba ta zauna daram ba, in ta sha ruwa sai ta lotsa. Da an kawo tsirrai an dasa kai tsaye, gishirin ya ƙone saiwoyinsu, ruwan ban ƙasa kuma ya sa tudun zaftarewa. Saboda haka aka fara da kwasa. Manyan motoci sun yi sawu wajen 80,000 suna fitar da tarkace. Sannan aka shimfiɗa yumɓu don ya tare ruwa kada ya nutsa ƙasa, aka sa bututan da za su janye rarar ruwa, kafin a zuba ƙasa mai kyau a sama. Ban da haka kuma, hukuma ta gina manyan tankunan ruwan sha guda uku a wurin, kowanne faɗinsa mita 80, dole masu zane suka lulluɓe su da lambun. Yau mutum na iya zama a kan ciyawa bai san tanki ne a ƙarƙashinsa ba.

Tsirran ma ba sayowa aka yi aka jera ba. An buɗe wuraren rainon shuka, aka yi ta gwaji don a gane irin da zai jure zafin Alƙahira da wannan ƙasa, aka raini tsirrai fiye da 650,000. Ku tuna birni ne da ruwan sama ba ya wuce ɗan yayyafi a shekara. Duk ganyen da kuke gani da ruwan kogin Nilu yake rayuwa, ranar da famfo ya tsaya kuwa, ranar lambu ya fara mutuwa.

Sai ga abin da ya ƙara wa aikin daraja. Da ake haƙa ta ɓangaren yamma, ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Salahuddin Al-Ayyubi a ƙarni na 12 ta yi ta bayyana, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta. Shara ce ta binne ta, shara ce kuma ta kare duwatsunta daga lalacewa.

Bayan ganuwar akwai unguwar Darb al-Ahmar, tsohuwar unguwa mai tarin masallatai na tarihi, wadda talauci ya yi wa katutu. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancantar yabo a aikin gaba ɗaya: ba a gina aljannar duniya an juya wa maƙwabta baya ba. An gyara gidaje, an ba masu ƙananan sana'o'i rance, an koya wa matasa sassaƙar dutse da kafinta suka yi aiki a ganuwar da hannunsu. An kuma gyara makarantar Ummu Sultan Sha'aban da ginin masallaci da kabarin Khayrbak.

Akwai dai magana ɗaya da ba za mu tsallake ba. Shiga lambun sai da tikiti. Kuɗin ƙofa da na gidajen abinci su ne ke taimakawa wajen biyan masu ban ruwa da masu shara da masu gadi, abin da ya hana wurin komawa gidan jiya. Amma magidanci mai 'ya'ya biyar da ke neman na cefane, sau nawa zai iya kawo su? Duk birnin da ke shirin mayar da jujinsa lambu ko daji, gara ya zauna ya yanke wanda zai biya kuɗin kula da wurin tun kafin motar farko ta shiga kwasar shara, ya kuma tabbatar yaran unguwar da suka sha warin jujin ba za a bar su a bakin ƙofa ba.