Darasi: Aikin Mai Kula da Netwok ga Sabon Shiga

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a darasinmu na kwamfuta. Yau darasin na ƙannena ne, maza da mata, waɗanda suka ga an buga neman ma'aikacin kula da netwok a matakin farko, suna ta tambayata: Malam, me ake yi a aikin nan, kuma wace takarda ake nema? To, ku gyara zama.

Shi dai netwok, haɗa kwamfutoci ne da firinta da sauran na'urori su riƙa magana da juna, su kuma fita intanet. Akwai shi a banki, a asibiti, har a cibiyoyin CBT da yaranmu ke rubuta JAMB. Kai da ka shigo jiya, ba kai za ka tsara shi ba, wannan aikin injiniya ne. Naka shi ne, da zarar wani ya ɗaga waya ya ce "ba sabis", kai ne mutum na farko da za a tura.

To in ka je, me za ka fara dubawa? Wayar netwok, wato kebul, ƙanina. Waya! A shekarata ta farko a wani ofis, kwamfutar akanta ta daina shiga netwok ranar da ake haɗa albashi. Awa uku ina kanta, na canza wannan saiti, na goge wancan, mutumin yana tsaye a kaina. Da ogana ya zo, bai ko taɓa linzamin kwamfutar ba. Ya leƙa bayanta, ya ga 'yar fitilar da ke bakin ramin kebul ba ta ƙiftawa, sai ya ce in ɗauko tsani. Muka ɗaga silin, ashe ɓera ne ya ci wayar. Tun ranar nake koya wa duk yaron da ya zo hannuna ya fara daga ƙasa: akwai wuta? Suwic ɗin, wato na'urar da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta, a kunne yake? Kebul ya shiga har ya yi ƙas?

In waya lafiya take, sai ka buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig. Za ka ga adireshin IP na kwamfutar, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok. A yawancin ƙananan ofisoshi da 192.168 yake farawa. Amma in ka ga ya fara da 169.254, to kwamfutar ta nemi a ba ta adireshi ba wanda ya amsa mata, shi ne ta ba wa kanta. Ka ga ke nan matsalar tana tsakaninta da na'urar da ke rabon adireshi, wato DHCP, wanda galibi a cikin rauta yake, na'urar da ke haɗa ofis da intanet. Daga nan sai ping, umarnin da ke gwada ko wata na'ura za ta amsa maka. Ka yi wa rauta ping, in ta amsa, ka yi wa 8.8.8.8, lambar Google ce. In lambar ta amsa amma shafi ya ƙi buɗuwa da sunansa, DNS ne ke ciwo, shi da ke juya suna ya koma lamba. Kun ga cikin minti biyar mun gano inda gizo ke saƙar, ba mu kwance komai ba.

Sai aikin hannu. Dole ka iya matse kan waya, wanda ake kira RJ45. Kebul ɗin Cat6 silli 8 ne a cikinsa, kuma jerin da aka fi bi, T568B, ga shi, ku ɗauko biro: fari mai ratsin ruwan lemu, ruwan lemu, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Ka miƙar da su da yatsa, ka datse su daidai, ka tura har ka hango jan ƙarfen ya taɓo ƙarshen kan, sannan ka matse da filaya. Ka sa a testa, fitilu su bi juna daga 1 zuwa 8. In ɗaya ta tsallake, yanke ka sake, kada ka ce ai zai yi. Kuma kada waya ɗaya ta wuce mita 100, nan ne iyakarta.

Akwai kuma aikin da matasa ke rainawa: liƙa wa kowace waya lamba a bakinta biyu, rubuta abin da ka gyara da lokacin da ka gyara shi, kakkaɓe ƙurar hunturu daga akwatin suwic, duba batirin UPS mai riƙe wuta kafin a ɗauke wuta ta tona asiri. Abin da ya fi ƙarfinka kuma, ka miƙa wa na gaba da kai da cikakken bayani. Wallahi yana ƙona mini rai in ga yaro ya ɓoye kuskurensa don tsoron faɗa, ofis guda ya wuni a tsaye.

Maganar amana ma ba ta wasa ba ce. Za a ba ka kalmomin sirri, za ka zauna gaban kwamfutar shugaba. Abin da ka gani a allon wani ba naka ba ne, kuma kalmar sirrin Wi-Fi ta ofis ba ta abokai ba ce.

Takardu fa? Yawanci ana neman ND ta shekara 2 daga kwalejin kimiyya da fasaha a fannin kwamfuta ko lantarki, wasu wuraren su ce digiri. Sai takardun ƙwarewa: A+ da Network+ na CompTIA, da CCNA ta kamfanin Cisco, mai lambar jarrabawa 200-301. Da dala ake biyan kuɗinsu, saboda haka kada ka yi rajista sai ka shirya tsaf. Kafin nan ka shiga Cisco Networking Academy ka sauke manhajar gwaji ta Packet Tracer, kyauta ce, ka riƙa haɗa suwic da rauta a kan allo. Ka kuma dage da Turancin karatu, don yawancin littattafan na'urorin da shi ake rubuta su. In lokacin SIWES ya zo, nemi wurin da za a ba ka filaya a hannu, ko da nesa ne da gida. A wajen ganawar ɗaukar aiki, ni dai kebul nake miƙa wa mutum in ce matse min.

Aikin gida: ku sayi kebul mita 2 da kan RJ45 guda 10, ku yi ta matsewa har jerin launukan ya zauna muku ba tare da duba takarda ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga rabon adireshi, mu ga ma'anar 255.255.255.0. Sai an jima, a huta lafiya.